Kano zuwa Jidda: Yadda Tafiyar Awa Huɗu Take Komawa Awa Bakwai

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kilomita kusan 3,420. Rani da damina haka nisan yake, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Amma tambayi alhazai tsawon zaman da suka yi a jirgi, sai ka ji amsoshi sun sha bamban: wani ya ce awa huɗu da rabi, wani ya ce ya haura bakwai, wani kuma ya dage cewa zuwa ya fi dawowa nisa da awa huɗu cur. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, domin nisa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ke yanke lokacin tafiya, kuma a wannan hanyar ba shi ne ya fi yin tasiri ba.

Adadin 3,420 ɗin nan awo ne na hanya mafi gajarta a bayan ƙasa. Idan ka samu ƙwallon taswirar duniya, ka kafa bakin zare a Kano, ka ja shi ya miƙe sosai har Jidda, inda zaren ya kwanta ita ce hanyar. Tana fita daga Kano ta fuskanci gabas maso arewa, ta ratsa Jigawa da Yobe, ta gutsiri kusurwar Nijar wajen Diffa, ta bi arewacin Tafkin Cadi, ta haye tsaunukan Ennedi na Cadi, ta shiga Sudan, ta ƙetare kogin Nilu kaɗan arewa da Dongola, sannan ta faɗa Bahar Maliya arewa da Port Sudan. Zuwa Madina kuwa nisan ya ɗan ɗara, kilomita kusan 3,560.

Wani abin da ke rikita mai bincike a intanet shi ne ma'auni. Shafi ɗaya zai ce 3,420, wani ya ce 2,130, wani kuma 1,850, alhali duk nisa ɗaya suke faɗa. Na farko kilomita ne. Na biyu mil ne irin na hanyar mota, mai mita 1,609. Na uku mil ɗin teku ne, mai mita 1,852, kuma da shi matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage suke aiki.

Lissafin takarda da lissafin hanya

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai ba da kilomita ake saita gudunsu ba idan sun kai sama, da gudun sauti ake gwada shi. A tsayin ƙafa 35,000 zuwa 39,000, inda sanyi ke kaiwa digiri 50 da wani abu ƙasa da sifiri, sauti yana tafiyar kilomita kusan 1,060 a awa. Airbus A330 yana tafiya da kashi 82 cikin 100 na wannan, wato kusan kilomita 870 a awa. Boeing 747-400 yana kaiwa kashi 85, kusan kilomita 900. Ƙananan jirage irin su Boeing 737 da A320 suna tsayawa a kashi 78, kusan kilomita 830.

Raba 3,420 da 870, za ka samu awa uku da minti 56. Wannan shi ne lissafin takarda, kuma ba yadda tafiyar take kasancewa ba ke nan, domin jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'ida ta taƙaita shi ga mil ɗin teku 250 a awa, kusan kilomita 460. Jirgin da ya cika da mutane da kaya da mai yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya kai tsayin da zai daidaita. Saukowa ma a hankali ake yi: matuƙa suna ware mil ɗin teku uku ga kowace ƙafa dubu da za a sauko, don haka jirgin da ke ƙafa 37,000 yana fara gangarowa tun saura fiye da kilomita 200, yana rage gudu mataki-mataki. Hawa da sauka kaɗai suna cin kusan minti 20 a kan lissafin farko.

Sannan jirgi ba ya bin zaren nan daidai. Sama ma tana da tituna, masu suna da lamba, suna bi daga wata alama zuwa wata, kuma a kansu ake tsara tafiya. Karkacewar da suke yi takan ƙara kashi uku zuwa biyar cikin 100 na nisan. Har tsayin da za a bi ba zaɓin matuƙi kaɗai ba ne: mai tafiya gabas yana bin ƙafa 35,000 ko 37,000 ko 39,000, mai tafiya yamma yana bin 34,000 ko 36,000 ko 38,000, don kada su yi gaba da gaba. Idan wani jirgin ya riga ka kama tsayin da ya fi dacewa da nauyinka, sai ka haƙura da na ƙasa, ka ƙona mai fiye da yadda ka so.

Idan aka haɗa waɗannan, zaman sama yana kamawa awa huɗu da minti 20 zuwa 30. Abin da ake rubutawa a tikiti kuwa ya fi haka, domin kamfanoni suna ƙirgawa ne daga lokacin da jirgi ya motsa daga inda yake ajiye har ya tsaya a inda zai sauke fasinja. Tafiyar ƙasa a filayen biyu tana ƙara minti 20 zuwa 25, Jidda ce ma ta fi ci saboda faɗinta da cunkosonta. Jimilla kusan awa huɗu da minti 45, idan hanya a buɗe take kuma iska ba ta yi gardama ba.

Mai cewa zuwa ya fi dawowa da awa huɗu, agogo ne ya yaudare shi. Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu, kuma tikiti yana rubuta lokacin kowane gari da agogon garin. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare zai tsaya a Jidda ƙarfe 4:45 na asuba agogon can, kamar an yi awa shida da minti 45. Wanda ya bar Jidda ƙarfe 10 na safe zai iso Kano 12:45 na rana, kamar awa biyu da minti 45. Tafiya ɗaya ce. A cire awa biyu a zuwa, a ƙara awa biyu a dawowa.

Iska

Gudun kilomita 870 da aka ambata gudu ne a cikin iska, ba a kan ƙasa ba. Kamar kwalekwale ne a kogi: tuƙi ɗaya, amma mai gangara ya riga mai hawa isa. Idan iska mai gudun kilomita 80 a awa tana tura jirgi ta baya, yana cin ƙasa da 950, lissafin takarda ya ragu zuwa awa uku da minti 36. Idan ta gaba take dukansa, ya koma 790, lokacin ya zama awa huɗu da minti 20. Tazarar minti 44 ke nan, jirgi ɗaya, hanya ɗaya.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tafiya gabas kullum ta fi sauri. Gaskiya ce tsakanin Amurka da Turai, inda iskar sama ke kaɗawa daga yamma kusan duk shekara. A hanyar Kano zuwa Jidda abin yana juyawa da yanayi. Da hunturu, kakkarfar iskar yamma da ke ratsa saman Masar da arewacin Saudiyya tana saukowa kudu, gefenta ya taɓa wannan hanya, sai zuwa ya fi dawowa sauri. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa wata iskar ce ke mulki, wadda ke tasowa daga wajen Indiya ta ratso saman Sahel daga gabas, sai mai zuwa Jidda ya sha duka ta gaba, mai dawowa ya samu turi. Da yake aikin Hajji yana matsowa da kwana goma zuwa sha biyu kowace shekara (an yi tsayuwar Arfa ranar 27 ga Yuni a 2023, ranar 15 ga Yuni a 2024, ranar 5 ga Yuni a 2025), jigilar tana zagaya yanayin shekara gaba ɗaya cikin kusan shekara 33. Abin da mahaifi ya gani a hanyar lokacin da Hajji ta faɗo cikin sanyi ba lallai ɗansa ya gan shi ba.

Jujjuyawar duniya ba ta da hannu kai tsaye a wannan bambanci, duk da ana yawan jingina mata shi. Iskar da jirgi ke ciki tana juyawa tare da ƙasa, don haka Jidda ba ta gudu daga jirgi, Kano ma ba ta taho ta tarye shi.

Inda awoyi suke ɓacewa da gaske

Iska mintoci take ci. Abin da ke cin awoyi shi ne izinin ratsa sararin samaniyar wata ƙasa. Sama a rabe take yanki-yanki, kowane da cibiyar da ke kula da shi. Hukumar NAMA ce ke riƙe da na Nijeriya, ASECNA ke kula da na Nijar da Cadi, cibiyar Khartoum ce ke da na Sudan kafin yaƙin 2023, sannan a miƙa jirgi ga Jidda. Kowace ƙasa sai an nemi izininta, an kuma biya kuɗin ratsawa bisa nauyin jirgi da nisan da ya ci a samanta. Idan cibiya ɗaya ta daina amsawa, hanyar ta yanke, ko da babu abin da ya taɓa jirgin.

Haka ta faru ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni a fara jigilar maniyyata. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne cibiyar Khartoum ce ke kula har da saman Sudan ta Kudu a tsayin da manyan jirage ke bi. Rufe ɗaya sai ya toshe biyu, aka samu katanga tun daga iyakar Masar har iyakar Yuganda.

Duba taswira ka ga abin mamaki. Kewayawa ta arewa ba wani nisa ba ne. Idan jirgi ya bar Kano ya nufi kusurwar da Libiya da Masar da Sudan suka haɗu, ya bi kudancin Masar ya ƙetare Bahar Maliya, duka-duka kilomita kusan 3,560 ne, ƙarin da bai kai 150 ba, wato minti goma. Matsalar ita ce dole a ratsa kudancin Libiya, ƙasar da hukumomin jiragen sama na Turai da Amurka suka daɗe suna gargaɗi ko hani a kan samanta. Kamfanin da ya yi hayar jirgi daga waje yana ɗaure da sharuɗɗan mai jirgin, da na ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, da na kamfanin inshora. Ɗaya daga cikinsu ya ce a'a, hanyar ta haramta, ko da matuƙi yana hango ta.

Sai a koma kudu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, arewacin Kwango, Yuganda, gefen Kenya, Habasha, sannan a hau arewa a bi Bahar Maliya. Auna shi gaɓa-gaɓa. Kano zuwa saman Entebbe ta Yuganda kusan kilomita 2,960, daga nan zuwa saman Addis Ababa kusan 1,220, daga nan zuwa Jidda kusan 1,410. Jimilla ta kusa 5,600. Ƙarin kilomita 2,170 ke nan, awa biyu da rabi a gudun A330, tafiyar awa huɗu da minti 45 ta haura bakwai.

Kuɗin wannan ƙari ya wuce abin da ake zato. A330 yana shan mai kusan tan shida a awa, 747-400 kusan tan goma, don haka awa biyu da rabi tan 15 ne ga na farko, tan 25 ga na biyu, a kowane zuwa. Kuma mai da kansa kaya ne: ɗaukar ƙarin mai yana ƙara nauyi, nauyin yana ƙara shan mai. Ga kuɗin ratsa ƙasashe da ya ƙaru, ga awoyin aikin ma'aikata da doka ta iyakance. A lokacin kai maniyyata jirgi yana dawowa ba fasinja (shi ya sa akan yi amfani da dawowar a kwaso ruwan zamzam tun kafin alhazai su juyo), ke nan kujerar zuwa ce ke biyan man zuwa da dawowa. A shekarar ta 2023 sai da hukumar alhazai ta Nijeriya, NAHCON, da kamfanonin jigila suka daidaita kan ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasit. A hanya miƙaƙƙiya, jirgi ɗaya yana zuwa ya dawo cikin awa 13 da rabi, idan an ba shi awa biyu-biyu a ƙasa. A hanyar kudu ya haura awa 18. Nijeriya ta samu kujeru 95,000 a shekarar. A ƙaddara kowane sawu mutum 400 ne, sawu kusan 240 ke nan, kuma Saudiyya tana da ranar da take rufe karɓar jiragen alhazai. Awa biyar da ta ƙaru a kowane zagaye ita ce ke komawa kwanakin da maniyyaci ke yi a sansanin alhazai yana jiran a kira sawunsa. Daga baya an tsara hanyoyin wucin gadi ta saman Sudan ta Kudu, an kuma buɗe yankin gabashin Sudan wajen Port Sudan a watan Agusta. A cikin watan ne kuma, ranar 6, sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe nasu saman har zuwa 4 ga Satumba. Duk shafin da ya ba ka lokacin tafiya bisa raba nisa da gudu bai san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ya sa adadinsa bai cancanci a gina shiri a kansa ba.

Abin da ke faruwa a ƙasa

Babban titin jirgi na Kano mai tsawon mita kusan 3,300 ne, kuma ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska. Da hunturu, da iska ke zuwa daga arewa maso gabas, yana tashi hancinsa na kallon Jidda. Da damina iska ta juya, sai ya tashi ya ba Jidda baya, ya yi kwana a sama kafin ya kama hanya. Mintoci kaɗan ne, amma suna cikin lissafi.

Zafi ya fi wannan tasiri. Kano tana kan tudu mai mita kusan 475 sama da teku, kuma a watan Afrilu da Mayu zafin rana yana haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, sai nauyin da jirgi zai iya tashi da shi ya ragu. Idan hanya ta yi tsawo kuma mai ya ƙaru, dole wani abu ya sauka, kaya ko fasinja, ko kuma a jira dare ya yi sanyi. Hazon hunturu kuma sauka yake hanawa. Idan nisan da ake iya gani ya gaza ƙa'idar filin, jirgi ya yi ta shawagi ko ya karkata wani gari. Da damina hadarin Sahel yana tasowa a jere, tsayinsa ya wuce inda jirgi ke bi, ba a ratsa shi ba a haye shi, kewaya shi ake yi.

Domin irin wannan ne ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ba ta yarda jirgi ya tashi da man tafiya kaɗai ba. Sai ya ɗauki na tafiyar ƙasa, da na hanya, da ƙarin kashi biyar cikin 100 na ko-ta-kwana, da wanda zai kai shi wani filin idan na farko ya gagara, da kuma na shawagin minti 30 wanda ba a taɓa shi sai an shiga halin gaggawa.

Jinkirin da injiniya ya jawo yana ɓata rai, amma a wannan hanyar an ga abin da guje wa jinkirin ya haifar. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai kai alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna akwai tayoyin da iskarsu ta gaza ƙa'ida, an sani, amma aka tafi a haka don kada a makara. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Mutum 261 da ke ciki babu wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu.

Mai zuwa Umara da jirgin kasuwa lissafinsa daban ne, domin sau da yawa sai ya ya da zango. Ta Alƙahira, kilomita kusan 3,100 ne da kuma 1,220, jimilla 4,320. Ta Addis Ababa, 3,330 da 1,410, jimilla 4,740. Wato isa Addis kaɗai ya kusa kai nisan Jidda kanta. Kowane zango yana maimaita asarar hawa da sauka da tafiyar ƙasa, sannan ga jira, wanda ba nisa ke yanke shi ba, jadawalin kamfani ne. Tikiti biyu masu farashi kusan ɗaya suna iya bambanta da rabin yini. Abin dubawa shi ne jimillar lokacin tafiya da aka rubuta, da tsawon zangon. Zangon da bai kai awa ɗaya da rabi ba yana da haɗarin jaka ta kwana a hanya, ko mai ita ma, idan jirgin farko ya ɗan makara.

Ga wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, gudun jirgi yana shafar ibadarsa. Jirgi yana cin kilomita 14 zuwa 15 a minti ɗaya, kuma daidai lokacin da ake kusantar miƙati ake shirin sauka, an kunna alamar ɗaura bel, an hana tashi, bayi ya rufu. Sanarwar matuƙi ba ta barin lokacin canza kaya ga mutum ɗari huɗu. Shi ya sa malamai masu bita suke cewa a yi wanka a ɗaura harami tun daga gida ko filin jirgi, a bar niyya da talbiyya sai an zo daidai wurin. Wanda jirginsa zai sauka Madina ba shi da wannan matsi, a ƙasa zai ɗauki haraminsa a Zul-Hulaifa, sai dai yana da tafiyar kilomita fiye da 400 a gabansa kafin Makka, na Jidda kuwa kusan 100.